Muryar Alhaji Uba Ta Ƙi Fita

Shafi'u ya sake kunna faifan karo na uku. A fuskar kwamfutar, marigayi Alhaji Uba yana zaune kan tabarma ranar sunan jikansa, bakinsa na motsi, hannunsa na nuna gabas, amma ko tari ba a ji.

"Ina muryar babana?" in ji Adama, 'yar marigayin.

Tun daga Bukkuyum ta taso zuwa shagon Shafi'u a Gummi saboda kaset ɗin bidiyon sunan nan, domin a cikinsa ne tsohon ya faɗa gaban jama'a cewa gonar fadama tata ce. Wanta Magaji ya musa. Hakimi kuma ya ce a juye shi a faifan sidi, gobe a kalla a gabansa.

"Yaya Magaji ya biyo nan ko? Mi yab ba ka?" ta tambayi Shafi'u.

"Wallahi ko a hanya ban san shi ba."

Ƙaninta Makau, wanda ya ɗauko ta a babur, ya taɓe baki. "Na hwaɗa miki, Yaya, 'yan kwamhuta ba su da amana."

Maganar ta ƙona wa Shafi'u rai. Shekara huɗu yana juye wa mutane kaset ɗin biki, ba a taɓa jifansa da irin wannan ba. Ya jona na'urar bidiyon da talabijin kai tsaye, sai ga muryar tsoho tar. Laifin yana cikin kwamfuta ke nan. Ya rarrafa bayan tebur, ya duba 'yar wayar da ke kai sauti daga katin da ke karɓar bidiyo zuwa katin sauti na kwamfutar. Tana raminta daram.

Da ya buɗe saitin ɗaukar sauti, kunya ta kama shi. Jiya ya ɗaukar wa wani mai maganin basir talla da makirufo, ya manta bai mayar ba. Ashe abin da ake yi cikin shago kwamfutar ta naɗa, ba kaset ba.

Ya sa abin kunne, ya ƙure ƙarar don ya tabbatar. Ya ji fanka, ya ji babura, ya ji kansa yana cewa zai je azahar, Adama ma ta fita salla. Sai muryar Makau a waya, ƙasa-ƙasa.

"Yaya Magaji, kwantar da hankalinka. Da kaset da hwaihwan, in mun kai gada, gulbi za su."

Shafi'u ya cire abin kunnen. Ya adana wannan sautin gefe guda. Ya gyara saitin, ya sake juyewa, tsohon ya ambaci fadama da sunan Adama, ita kuwa tana ta share hawaye.

"Kawo su in riƙe, Yaya," in ji Makau. "Jakarki ta cika."

Shafi'u ya dafe kaset ɗin da hannu ɗaya, ya miƙa wa Adama abin kunnen.

"Kahin ku hau babur, saurari wanga tukuna."