Ƙeyar Likita

Mai aski na tsaye a asibiti cikin ƙarafan wani injin taimaka wa tafiya, ya ƙanƙame sandunansa biyu kamar za a ƙwace. An ɗaure shi tun daga ƙugu har idon sawu, ga batir a baya yana gurnani kamar tsohon firij. Shekara uku ke nan wani ciwo ya cinye masa ƙarfin ƙafafu, ciwon da ko sunansa matarsa ba ta iya faɗa ba. Shagonsa ma ya bar wa ƙanensa.

Likita ya sake yi masa bayani: injin ba ya takawa sai mutum ya ɗan karkato gaba. Shi kuwa da an ce karkato, sai ya banƙare baya. Mako biyu ana haka. Yau ce ranar ƙarshe. In bai yi taku goma ba, za a kwance ƙarafan a ɗaura wa na bayansa a layi.

Matarsa ta lallaɓa shi, ta ce ko tsohuwar da aka ɗaura wa jiya ta je taga ta dawo. Ya ce tsohuwa ta gama cin zamaninta, shi kuwa da sauransa.

Likita ya gaji, ya juya zai ɗauko takarda. Nan mai aski ya ga ƙeyarsa. Layin askin ya taso daga kunnen hagu lafiya lau, ya zo tsakiya ya yi kwana, ya haura sama kamar akuya ta ga tudu. Ya miƙa wuya gaba don ya tabbatar.

Injin ya yi ƙara, ƙafar dama ta tafi.

"Likita, tsaya. Ɗan sunkuya mu gani."

Likita ya waiwayo, ya ga abin da ke faruwa, sai ya mayar da ƙeya ya ci gaba da tafiya a hankali. Mai aski na biye, yana lissafa abin da ya kamata a yi wa wanda ya yi wannan aika-aika. Suka wuce ma'auni, suka wuce kwandon shara. Matar na ƙirgawa da yatsu, ta toshe baki da mayafi. A taku na sha huɗu bango ya tare su.

Likita ya taya shi murna. Mai aski bai ma ji ba.

"Wa ya yi maka askin nan?"

Likita ya ce wani shago ne mai koren ƙyaure, kusa da tasha.

Mai aski ya san shagon. Da hannunsa ya shafa wa ƙyauren nan fenti.

"Batirin nan," ya ce, "zai kai tasha?"