Safiyar da Ban Kunna Murhu Ba

Ƙa'idar ta girme ni, ta girmi tsohonmu Mzee Famau ma. A jirgin ruwa, sarahangi, wato shugaban masu igiya da fenti, shi ke kunna wa kuku murhu da sassafe don kuku ya ɗan ƙara barci. Shi kuma kuku ya goge ƙararrawar jirgi. Ba kyaftin ɗin da ya taɓa ba da wannan umarni, haka kowa ya tarar. Ni ne sarahangi, Mzee Famau ne kuku, kuma tun kaina na da baƙin gashi muke haka.

A Italiya aka ƙera jirgin, sunansa na fari Ersilia. Girkawa suka saya, suka shafe sunan suka rubuta nasu. A hannunsu Famau ya shiga yana ɗan saurayi mai wanke tukwane. Lokacin Turawa muke kwasa daga Mombasa zuwa Unguja, wato Zanzibar, da tsibiran gaba, su kwanta a rana har su yi ja kamar naman da aka feɗe, su ci su bar rabi, mu zuba wa kifi. Daga baya wani attajirin Dubai ya saya, wai zai mai da shi otal. Ya sa aka jawo shi cikin mashigin da ke bayan tashar jiragen ruwa aka ɗaure, shi ke nan ya manta da shi. In rana ta bugi goshin jirgin kana iya ganin tsofaffin sunayen a ƙarƙashin fenti, wani kan wani. Ƙararrawa ce kaɗai ba wanda ya taɓa, har yau Ersilia ne a jikinta.

Mu kaɗan aka bari gadi: ni, da Famau, da Charo mai inji, da wasu masu zuwa su tafi. Hankaki sun yi sheƙa a ɗakin rawa. Wurin wankan Turawa ya zama gidan sauro.

A cikin zaman nan ne idanun Famau suka tafi. A hankali suka tafi, har ya zama haske da duhu kawai yake bambancewa. Duk mun sani, ba wanda ya furta. Abin da muka yi shi ne, ba a gusar da komai a jirgin sai an gaya masa, ko bokiti ne. Da haka yake yawonsa ba sanda, ya hau bene ya sauka, ya yanka albasa, ya soya mahamri, irin fanken mutanen bakin teku, ba ya ƙona ko ɗaya. Kullum bayan karin kumallo ya ɗauki toka da lemun tsami da tsumma ya nufi goshin jirgi, ya goge ƙararrawar nan har ka ga fuskarka.

"Shee," haka yake ce mini in ya shigo kicin, "wannan wuta ce ko numfashin mara lafiya? Sarahangin banza."

"Mzee, in ta fi haka gemunka zai tafi."

Charo ya ce, "Bar shi ya tafi, ko ma huta da tsintar gashi a miya."

"Kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa ba? Ci ka yi shiru, ɗan nema."

Sai aka sayar da jirgin ga masu yanka ƙarfe a Indiya. Wakiliyarsu, Bi Zuhura, mace ce mai magana ɗaya. Ta ce da zarar iska ta juya za a tafi da shi, ana son hannu kaɗan da kuku guda, amma duk mai wata lalura ba zai hau ba. Da ta tafi Famau ya kama hannuna.

"Ni zan raka jirgin nan har ya hau yashin da za a yanka shi. Ka ji ko? A tudu ni makaho ne, sai jikoki sun ja ni zuwa bayan gida. A nan kuwa ba wanda ya fi ni gani. Ku rufa mini asiri har mu tashi."

Na ce, "Ba mai ji daga bakinmu, Mzee."

Makon jiya Bi Zuhura ta kira ni a waya. Ta ce jikar mutumin da ya fara mallakar jirgin ta aiko tana son ƙararrawar, an kuma ba ta. In kwance ta, in sa a buhu, washegari da safe za ta zo ta ɗauka, ta kuma duba mutanen da za su yi tafiyar. Ba ni da ta cewa, kayan mutane ne. Bayan azahar, Famau ya ɗan kishingiɗa, ni da Charo muka kwance ta muka sauke.

Charo ya ce, "Wa zai gaya wa tsoho?"

"Ni."

"To ka gaya masa yau, ba gobe ba."

Da muka zauna cin abinci na buɗe baki zan faɗa, sai Famau ya riga ni. Ya ce wa Charo in ya shiga gari ya sayo masa lemun tsami mai yawa, yana so ranar tashi ƙararrawar nan ta kashe idon duk wanda ke bakin ruwa. Yana faɗa yana dariya, yana zuba mini wake da kwakwa. Charo ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na cika bakina da abinci.

Ni ba mutum ne mai tsoron magana ba. Na taɓa zagin kyaftin a gaban fasinja. Amma wannan na kasa, sai na nemo dabara. Na ce a raina, wuta da ƙararrawa tare suke. In ban kunna murhu ba, na karya nawa rabin ƙa'idar, shi ma nasa ya sauka daga wuyansa. Zai yi fushi, ya zauna bakin kicin yana jirana yana zagi, ba zai je goshin jirgi ya miƙa hannu ya ji wayam ba. Kafin ya huce Bi Zuhura ta zo ta tafi, sai in lallaɓa in gaya masa a hankali. Har na ji daɗin kaina, wai na yi masa gata.

Da na idar da sallar asuba na wuce can gaba na kama jan igiyar da ba ta bukatar ja.

Tun da aka kashe babban inji, tsohon murhu mai man dizal muke amfani da shi. Kunna shi aikin ido ne. Ka buɗe famfo kaɗan, ka leƙa har man ya jiƙa tsakiyar kaskon, ka rufe, ka jefa tsumma mai wuta. In man ya wuce haka, sai ta tashi maka. Shi ya sa tun da idonsa ya soma rauni ban taɓa bari ya kusanci aikin ba, ko zazzaɓi nake yi sai na rarrafo.

Abin da na manta, Famau ya san baƙuwa na tafe. Tun zamanin Girkawa ba baƙon da ya taka jirgin nan bai tarar da shayi da mahamri ba. Bai zauna jirana ba. Ya buɗe famfon, ya tsaya yana sauraren ɗigar man da kunne.

Bi Zuhura na kan tsani tana hawowa muka ji ƙarar, bum, kamar an rufe ƙofar ƙarfe. Na yar da igiya na ruga. Na tarar Charo ya riga ya danne wutar da jiƙaƙƙen buhu, Famau na zaune a ƙasa, rabin gemunsa ya tafi, hannuwansa biyu ya ɗaga su sama kamar mai addu'a, fatar ta tashi.

Ya ji takuna ya juyo. "Shee? Lafiya kake? Da na ji murhu da sanyi na ce yaron nan zazzaɓinsa ya dawo."

Da ma zagina ya yi.

Bi Zuhura ta shigo tana haki. Ta ɗebo ruwa a kofi ta durƙusa ta damansa. "Sannu Baba, ɗan kurɓa."

Ya juya hagu ya buɗe baki.

Ta tsaya da kofin a hannu. Ta ɗaga ɗayan hannun ta kaɗa a gaban fuskarsa, bai ƙifta ba. Sai ta dube ni.

"Tun yaushe?"

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Makaho za ku sa mini a tsakiyar teku yana wasa da wuta? Ku ba ku da tausayi ne, ko hankali ne babu?"

Famau ya ce, "'Yata, ba ni nake kunnawa ba. Yau ne kawai."

"Yau ɗin ta isa, Baba. Asibiti za mu, daga can gida."

Ni na goya shi na sauka da shi cikin kwale-kwalenta. Bai fi buhun gawayi nauyi ba. Charo ya sauko da buhun ƙararrawar ya ajiye kusa da ƙafafunsa, don ba wani wurin. Mai kwale-kwale na tayar da inji, igiyar ruwa ta ɗaga mu, harshen ƙararrawar ya bugi gefe. Sau ɗaya, a cikin buhu, a shaƙe.

Famau ya daina nishi. Ya miƙa ƙafa ya shafa buhun da yatsunsa, daga sama har ƙasa. Ya bar ƙafar a kai. Haka take har muka isa gaɓa.

Yanzu yana Likoni, gidan 'yarsa Mishi. Jiya da sassafe na tsallaka da ɗan gawayi a leda. Na same shi a tsakar gida kan tabarma, hannuwa a naɗe da bandeji, an juya shi yana fuskantar bango ba wanda ya lura. Na yi sallama, ya amsa. Mishi ta fito za ta ɗora shayi, na ce ta bari. Na jawo murhun gawayinta, na jera, na kunna, na yi ta fifita har ya kama.

Ya ji ƙamshin hayaƙin. "Wa ke kunna wuta?"

"Ni ne, Mzee."

"Ka san an sauke ƙararrawar tun kafin mu ci abinci ranar nan?"

"Ni na sauke ta."

"Kana zaune ina maganar lemun tsami."

"Ina zaune."

Jikokinsa suka leƙo suka koma. Na ce masa kafin iska ta juya kullum zan riƙa zuwa in kunna, in ma ya ce kada in yi tafiyar, na fasa.

Ya ce, "Ka tafi. Wani ya raka jirgin, tun da ni ban samu ba." Sannan ya ɗaga murya. "Mishi! Zo ki kashe wutar nan ki kunna taki."

"Baba, ai ta kama, gawayi ne mai kyau."

"Na ce ki kashe. In na sha shayin wutarsa, me zan goge masa?"

Mishi ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta zuba. Na zauna a gefen tabarmar har hayaƙin ya ƙare, sannan na ce, "Mzee, bango kake kallo." Na kama kafaɗarsa na juya shi wajen ƙofa, inda iskar teku ke shigowa. Wannan kam bai hana ni ba.