Gurbin Gwiwar Hannun Yaya

Mai Ƙofa ake ce masa a layin masu gyaran mota, ko da yake bai taɓa ƙera ƙofa ba. Aikinsa allon ciki ne, wanda yake rufe ƙarfen ƙofar mota ta wajen mai zama. In na kamfani ya ruɓe ko ya fashe, sai a kawo masa. Ya ɗora kwali ya zana, ya yanke fallen roba da zarto, ya gasa shi a bakin murhun gas har ya yi laushi kamar jemammiyar fata, sannan ya danna shi a kan katakon da ya sassaƙa, ya jira ya huce. Shekara ashirin da biyu yana wannan. Ƙaurin roba ya kama masa riga da maƙogwaro, bayansa kuma ba ya miƙewa da safe sai ya dafa bango.

Abu ɗaya yake taƙama da shi, aikinsa ba ya karkata. Layi sak, gefe ya zauna daram, ko a hanya mai ramuka ba ka jin ƙara.

Shi ya sa tasin yayansa take ƙona masa rai. Yaya direba ne, ya ba shi shekara tara, a tasha Sannu-Sannu suke ce masa don ko mai keke yana wuce shi. Allon ƙofar direba a motar nan abin kunya ne. Wurin ajiye hannu ya lotsa, an cusa masa soso, an naɗe da tsumma, a ƙasa an tokare da guntun silifa da ƙusa biyu. Duk ya yi baƙi da gumi har yana sheƙi. Mai walda da ke rumfar kusa, duk sanda motar ta tsaya a layin, sai ya leƙa ya ce ashe ƙofar nan marainiya ce, ba ta da kowa a garin.

Mai Ƙofa ya yi wa Yaya magana har ya gaji. Amsar ɗaya ce kullum: a bar ta, tana yi masa aiki.

Sai ranar da injin tasin ya buga, aka ajiye ta kwana huɗu wajen bakanike, rumfa uku daga tasa. Yaya yana gida. Mai Ƙofa ya ture aikin mutane gefe, ya ɓalle allunan ƙofofin huɗu, ya yi sababbi da wata roba mai kauri, ruwan toka, da ya daɗe yana ɓoyo. Wurin ajiye hannu ya fitar da shi daidai inda kamfani ya sa, a shimfiɗe, sumul. Tsohon na direba kuwa da yatsa biyu ya ɗauke shi ya wurga a tulin shara. Washegari motar shara ta kwashe.

Da Yaya ya zo ɗaukar mota ya buɗe ƙofa, sai ya tsaya. Ya shafa robar. Ya tambaya ina tsohon, aka gaya masa. Ya ce an gode, aiki ya yi kyau, ya shiga ya ja. Mai Ƙofa ya ji godiyar ba ta da gishiri, amma ya san halin ɗan'uwansa, ba mai yabo ba ne.

Kwana biyar bai ga tasin ta gilma ba. Ran na shida da hantsi, yana cikin gasa wani falle, sai ga matar Yaya a bakin rumfa ta toshe hanci da gefen mayafi. Ba ta saba zuwa ba. Tsakaninsu kullum tsokana ce, tana ce masa Auta duk da furfurarsa, shi yana ce mata shugabar gida. Yau ba ta zo da dariya ba. Ta ajiye mukullin mota a kan tebur, cikin ɓarɓashin roba.

"Yayanka ya ce a ba ka. Wai ka nemi wanda zai riƙa ja, shi ya gama."

Ya kashe gas. Ya tambaya ko ba shi da lafiya ne. Ta zauna a kan tsohuwar kujerar motar da baƙi ke zama, ta ba shi labari a gajiye. Shekaranjiya ne a shataletale, da fasinja uku a ciki. Yaya ya saki sitiyari da hannun dama zai sa giya, hannun hagu ya zame, motar ta hau dakalin titi, kaɗan ya rage ta kwashe wata mata mai sayar da lemo. Ba wanda ya ji rauni. Ya sauke fasinjojin, ya lallaɓa da motar har gida, tun ranar yana zaune a ƙofar ɗaki yana kallon bango.

Mai Ƙofa ya ce Allah ya kiyaye gaba, amma me ya haɗa wannan da shi.

"Kai ne ba ka san abin da ya haɗa ba? Hannun nan na hagu, yaushe rabonka da ka ga ya ɗaga shi ya wuce ƙirji? Ni nake sa masa riga, Auta. Shekara goma sha ɗaya ni nake sa masa riga."

Ya tuna. Tun suna samari Yaya ya faɗo daga bayan babbar mota, kafaɗar ta karye, shi ne ma ya goya shi zuwa wajen mai ɗori. A wurinsa magana ta wuce tun wancan zamanin. Ashe da shekaru suka tura, hannun ya daina ɗaukar kansa. Ramin nan mai soso da silifa, shi ne yake riƙe gwiwar hannun, yatsu kuma su riƙe sitiyari. Shekara da shekaru Yaya yana gina abin kaɗan-kaɗan, shi kuma ya ɗauke shi da yatsa biyu.

Da za ta tafi ta ce kada ya kuskura ya ce ita ta faɗa. Ya ce ya ji. Bayan ta fita ya je wajen tulin shara ya tsaya, alhali ya san ba abin da zai samu. Ya tona da ƙafa sau biyu, ya dawo.

Da la'asar ya je gidan. Yaya yana kan tabarma, hannun hagu a kan cinya. Suka gaisa. Yaya ya fara kawo maganar ido, wai ba ya gani sosai yanzu, kuma shekaru sun ja, mutum ya san lokacin da zai ajiye abu.

"Idonka lafiya lau, Yaya. Tun daga bakin zaure ka hango maɓallin rigata ya cire. Ƙofar ce na ɓata."

Yaya ya ce ƙofa ba ta da laifi, aiki ne mai kyau.

"Mai kyau ne, amma ba naka ba ne. Ni ban taɓa sallamar mutum da ƙofar da ba ta yi masa ba, ba kuma da kai zan fara ba. Ka zo gobe in auna. In na gama ka ga dama ka ajiye tuƙin, wannan ruwanka."

Yaya ya dube shi, ya dubi ƙofar ɗakin da matarsa take ciki tana buga kwanuka fiye da kima. Da safe ya zo.

Mai Ƙofa ya riga ya aiki bakanike ya kawo motar. Ya yanke wurin ajiye hannun nan mai kyau da zarto, bai ko tsaya kallonsa ba. Ya kafa guntun katako a gurbin, ya ɗora curin yumɓu mai laushi a kai, ya rufe da leda. Ya ce Yaya ya shiga ya kama sitiyari, ya ajiye hannu yadda ya saba, yumɓun zai ɗauki siffar.

Yaya ya shiga ya ajiye hannu. Da ya ɗaga, ɗan lotsawa kawai aka gani, kamar an dangwala cokali. Aka sake, haka. Mai Ƙofa ya dubi goshinsa ya ga gumi. Mutumin nan riƙe hannun yake a sama da ƙarfin tsiya, saboda mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa yana kallo, bakanike ma ya tsaya da sifana a hannu. A gaban mutane Yaya ba zai saki kafaɗar nan ba ko za ta tsinke.

Sai Mai Ƙofa ya gyara yumɓun, ya zagaya ya shiga gaba. Ya ce gam ya ƙare masa, Yaya ya kai shi bayan kasuwa ya sayo. Yaya ya ce ba ya tuƙi. Ya ce ai ba fasinja ba ne shi, kuma ga hannunsa kusa da sitiyari, in wani abu ya faru shi zai tare.

Mai Ƙofa ya zaɓi hanyar da ta fi kowace cunkoso, rana kuma ta take. Suka shiga tsakiyar motoci, gaba ba ta tafiya, baya ba ta komawa. Hayaƙi, ham, zafi. A ja taku uku a tsaya. Mai Ƙofa ya ɗauko maganar rufin gidan ƙanwarsu da ke yoyo, ya ce laifin Yaya ne da ya kawo kafintan banza. Yaya ya ce kafintan ai abokin Mai Ƙofa ne. Suka yi ta yi. Daga nan suka koma kan wanda ya ɓatar da rediyon babansu shekara talatin da suka wuce. Wani mai bas ya kutso ta hagu zai shige gabansu, Yaya ya leƙa ya tambaye shi ko a gona ya koyi tuƙi.

A nan ne Mai Ƙofa ya gani ta gefen ido. Kafaɗar ta sauka. Gwiwar hannun ta nutse cikin yumɓu, ta ja baya, ta karkata waje. Yatsu huɗu suka kwanta a ƙasan sitiyari, hannun dama ya tafi giya ya dawo, motar ba ta ko girgiza ba. Mai Ƙofa ya ci gaba da musun rediyo har suka yi awa ɗaya da rabi a hanya. Gam ɗin ma mantawa suka yi da shi.

Da suka dawo ya ɗauke yumɓun da hannu biyu kamar mai ɗaukar ƙwai. Ramin ya yi zurfi, ya sauka ƙasa da inda kamfani ya sa da yatsa uku, ga wani tudu a gaba inda damtsen yake tokarewa. Ba layi ɗaya madaidaici a jikinsa. Ya dama siminti ya zuba a ciki. Bayan kwana biyu ya fasa yumɓun, sai ga gwiwar hannun Yaya a tafinsa, ta siminti. Ya juya ta. Bai san hannun ya rame haka ba.

Ya yanki sabon falle, ya gasa, ya danna simintin a ciki. Na farko ya yage don ramin ya yi wa robar zurfi. Ya zauna ya huta, bayansa yana zugi, ya sake yanko wani. Wannan karon ya gasa a hankali, ya danna kaɗan, ya sake gasawa, ya sake dannawa, sau biyar, yana riƙe da tsumma mai ruwa. Fallen ya zauna daram. Ya shimfiɗa soso a ramin, ya rufe da yadi mai kaushi don kada hannu ya zame, ya kafa allon a ƙofar.

Mai walda ya leƙo ya tambaya wa ya naushi ƙofar nan. Ya ce in mutane suka ga wannan za su ce Mai Ƙofa ya fara shaye-shaye. Mai Ƙofa ya ce ya koma kan ƙarfensa. Shi ma ya san bai taɓa fitar da aiki mai muni irin wannan ba.

Yaya ya zo da yamma. Ya shiga, ya ja ƙofa da hannun dama kamar yadda ya saba, abin da Mai Ƙofa bai taɓa lura da shi ba sai yau. Gwiwar hannun ta faɗa ramin da kanta. Bai tada injin ba. Ya taka kuloci ya sa giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ya dawo, yatsun hagu suna riƙe da sitiyari. Ya sake yi. Ya daɗe a zaune yana kallon gaba.

"Soson ya yi yawa."

"Zai lotsa."

"Ina mukullin?"

Mai Ƙofa ya ciro shi daga aljihu ya miƙa ta taga. Yaya ya tada mota, ya ce sai ya biyo, ya ja a hankali. A bakin layi wani mutum da buhu ya ɗaga hannu. Tasin ta wuce shi kaɗan, fitilar burki ta kama, ta tsaya.

Mai Ƙofa ya koma rumfa. Ya san hannun nan shekara ɗaya zai ƙara bayarwa, ko biyu in an yi sa'a, kuma kafin nan sai an sake sauke ramin. Ya ɗauki gwiwar simintin ya ajiye ta a kan kantar rumfa, tsakanin katakan da ya rubuta wa sunayen motoci. Wannan bai rubuta mata komai ba. Ga ƙofofi shida na mutane jingine da bango, tun makon jiya masu su suke zarya. Ya dafa tebur ya miƙe bayansa, ya kunna gas.