Gishiri a Tafkin Auta

Auta ya haƙa tafki a bayan gidansa na Haɗejiya, ya shafe shi da tayil shuɗi, ya cika shi da ruwan burtsatse. Ɗana ne, sunansa Abdulmannan. Ban sa wa aikin albarka ba, ban kuma hana ba.

Na san dalili. A daminar bara kwalekwale ya kife da 'ya'yansa biyu a hanyar Auyo, za su gaida dangin uwarsu. Jannatu ta riƙe ciyawar kacala har aka zo aka ɗauke ta. Ƙanenta Fatihu bai riƙe komai ba. Ni na fito da shi washegari da hantsi, a kan gorana, babban goran nan da mu masunta muke kifa ciki a kai mu shiga zurfi. An hana Jannatu zuwa gaɓa. Ta zo.

Ni masunci ne, ubana ma haka. A gidanmu ba a taɓa yin yaron da bai iya ruwa ba sai 'ya'yan Auta, da aka haifa a Abuja. Bayan rasuwar ya tattara iyalinsa ya dawo gida. Ya rantse sai Jannatu ta iya iyo. Matarsa Ummussalma ta rantse ba dai a kogi ba. Shi ya sa aka haƙa tafki.

Mai aikin wani ne Gana, mutumin Nguru, ya koyi sana'ar a otal-otal na Kano. Shi ya kawo kilorin a bokiti, farin gari mai wari kamar asibiti. Ana ɗiba a zuba don kada ruwan ya yi gansakuka. Ranar farko na tsaya a baki na shaƙa.

Na ce, "Wannan ba ruwa ba ne. Ko kwaɗo ba zai zauna ciki ba."

Gana ya ce, "Ai don kada ya zauna ɗin aka zuba, Baba."

Jannatu ta sauka matakala ta farko, ubanta na riƙe da hannunta. Ta sauka ta biyu. Kafin la'asar idanunta sun yi ja, ƙirjinta na kuka. Tana da asma tun tana goye. Da aka sake gwadawa abin ya fi na farko, har aka kwana da ita a asibiti. Likita ya ce a raba ta da wannan ruwan.

Na je duba ta a ɗakin uwarta.

"Amarya, an ce baho ya kayar da ke."

"Kai ka shiga mana, tsoho, mu ga ƙarfinka."

"Ni ba na shiga baho."

"To ni ma na sake ka. Miji ba haƙori."

Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Na fita.

A tsakar gida na tarar da uwar. Na ce a ba ni yarinyar. Akwai wuri bayan gonar shinkafarmu, ruwa iya cinya, ƙasa yashi. Can na koya wa ubanta. Ummussalma ta durƙusa, kanta a ƙasa, kamar yadda ta saba a gabana.

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Guda na ba kogi."

Na juya na tafi.

Bayan kwana biyu Auta ya same ni a lambu, Gana na biye da shi. Lambun nan na jikin katangarsa. Rariyar gidansa a ciki take zuba, don ƙasar can ta gangara, ba wata hanya. Ubana ya fara noma wurin. Ina da albasa, tattasai da yakuwa. A gindin katanga kuma ga lemun tsami da marigayiya uwar Auta ta dasa da hannunta.

Auta ya ce, "Baba, akwai wani tsari. Na gishiri. Gana zai yi maka bayani."

Gana ya cire hula ya mayar. Ya ce za a juye buhunan gishiri a tafkin, a haɗa wata na'ura a jikin bututu. Ruwa na wucewa, na'urar na yin kilorin daga gishirin.

Na ce, "Ashe dai shi ne."

"Shi ne, Baba. Amma kaɗan-kaɗan take yi, duk yini, ba a kwara shi lokaci guda. Babu warin nan, ruwan ya fi laushi a ido da fata. Ban ce ya zama magani ba. Da yawa dai masu irin lalurarta sun fi jure shi."

"Me yake ci?"

"Wuta. Alhaji na da sola. Yana kuma cin ƙarfe, sai mun canza tsanin da ke cikin tafkin."

"Sai me?"

Ya dubi Auta. Auta ya dubi ƙasa.

Gana ya ce, "Sai lambun nan. Duk sati ana wanke matatar tafkin, ruwan wankin nan yake fitowa. Na kilorin, in aka tara shi ya sha rana, ƙarfinsa na tafiya, a yi ban ruwa da shi. Gishiri ba ya tafiya. Taruwa yake."

Ba sai an gaya mini ba. Akwai fili a fadama da kanwa ta fito, fari fat, ko akuya ba ta tsayawa a wurin.

Auta ya ce ya nemi a ja bututu ta gaba, maƙwabta sun ƙi, kwatar titi kuma a toshe take. Ya ce, "Shi ya sa na zo. In ka ce a'a, shi ke nan."

Na dubi lemun. Ya yi fure a lokacin.

Na ce, "Za ta shiga?"

Auta ya ce, "Allah ne masani, Baba."

"A zuba."

Aka kawo gishiri a a-kori-kura. Na ga an juye abin da zai ishi unguwa miya shekara da shekaru. Ya narke, ruwan bai sauya kala ba. Na sa yatsa na lasa. Bai kai hawaye ba.

Jannatu ta shiga. Idonta bai yi ja ba, ƙirjin ya yi shiru. Kullum da la'asar ubanta ke saukowa da ita. Ta fara tsayawa iya gwiwa, daga nan iya ƙugu. Ni ina kan kujera a inuwa, carbi a hannu.

"Tsoho, ka gani?"

"Na ga agwagwa a kwano."

"Hassada ce."

Wata rana ta toshe hanci ta tsoma fuskarta, ta ɗago tana dariya. Uwarta na bakin taga. Tun rasuwar ban ga haƙoran matar nan ba sai ranar.

A lambu kuwa albasar da ke bakin rariya ta fara ƙonewa daga sama. Ƙasar ta yi farin ɓawo. Na daina shuka wannan gefen. Ban gaya wa kowa ba.

Abu ɗaya ya rage. Ba ta yarda ƙafarta ta bar ƙasa. Auta ya sayo mata wani zoben roba mai iska, ta ce yana zame mata. Ya tallabe ta a hannu, ta ƙanƙame wuyansa. Aka ɗauki lokaci a haka. Damina na matsowa, dangin uwarta kuma har yanzu a ƙetaren ruwa suke.

A wurinmu da gora ake koyo. Yaro ya kifa cikinsa a kai, ya rungume, ƙafafu su tashi da kansu. In ya saba sai a zare. Haka aka yi mini, haka na yi wa Auta da yayyensa. Na sauko da gorana daga rumfa, na wanke shi, na toshe bakinsa. Na ɗaura wandon kamun kifi. Na zo tafkin kafin su fito, na shiga.

Ruwan ba shi da nauyi, ba shi da igiya. Ana ganin ƙasa. Na kifa ciki a kan goran na zaga. Auta ya fito ya gan ni, ya tsaya baki buɗe.

Na ce, "Kira ta."

Ta fito da gudu, tawul a wuya. "Wai tsoho ya shiga baho?"

Sai ta ga goran.

Ta tsaya. Tawul ɗin ya faɗi. Ba ni take kallo ba.

Na ce, "Zo, amarya. Ki hau."

Ta ce, "A kansa ka ɗauko Fatihu."

"Gora ne kawai."

Ta ja da baya har ta bugi bango. Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta shiga ɗaki. Na ji an rufe taga.

Na fito. Na mayar da goran gida, na rataye shi inda ba a gani.

Tun daga ranar ba ta ƙara zuwa bakin tafkin ba. In na shiga tana gaishe ni a durƙushe, kamar baƙo. Ba ta ce mini tsoho. Na'urar na nan na aiki, Gana na zuwa duk sati ya wanke matata, ruwan ya bi rariya. Tattasai ya bi albasa. Lemun ya fara zubar da ganye daga ɓangaren katanga.

Jiya da safe Auta ya zo lambu shi kaɗai. Ya daɗe a gindin lemun. Ya ɓare ɓawon ƙasa ya murje a hannu.

Ya ce, "Baba, na yi magana da Gana. Ya ce in an tsaya yanzu, ruwan sama zai iya wanke ƙasar, itacen ya farfaɗo. Mota za ta zo ta zuƙe ruwan a kai nesa. Mu koma kilorin, in baƙi sun zo su shiga. Ko in sa a cike ramin."

Na ce, "In an koma kilorin, ita fa?"

"Ba ta shiga ai."

"In ta tashi wata rana ta ce za ta shiga?"

"Baba, ta ce ba za ta ƙara ba. Ga itacen Umma na mutuwa a banza."

Na dubi lemun. Na dubi rariyar, tana ɗiga.

Ya ce, "In kira motar?"

Na ce, "A'a. Ba mai taɓa ruwan nan."