Huɗu a Gurbin Uku

Tun da safe mai gyaran fanka ya ji a jikinsa cewa ranar ba za ta ƙare da daɗi ba. Ya buga babur ya mutu, ya sake bugawa ya mutu, ga yarinya tsaye da fensir biyu a hannu tana kallonsa.

"Baba, ni zan yi gasar, kai kake gumi."

"Hau mu tafi, Sarkin Lissafi. Bakin nan naki ya fi kanki gudu."

Haka ake kiranta a gida. 'Yar ƙaninsa ce. Tana rarrafe ƙanin ya rasu, uwar ta bi shi ba da jimawa ba, shi kuma ya ɗauko ta ya haɗa da nasa uku. Ba a ɓoye mata ba, amma ya kafa doka: duk wanda ya tambayi 'ya'yansa nawa, huɗu ne. Ya taɓa korar wani daga shago da fankarsa a kwance, don kawai mutumin ya nuna ta ya ce, "Wannan ce ta marigayin?"

Gasar ta lissafi da wasa ƙwaƙwalwa ce, ta ƙasashen duniya, da rukunin ɗalibai da na manya. Wannan ne zagayen tankaɗe na ƙarshe, kuma ɗalibi ɗaya tak za a tura waje. Yarinyar ba ta da zance sai shi. Duk kwalayen da ke shagon ta cika bayansu da layuka da lambobi, har sai ya juya kwali kafin ya gane na wace fanka ne.

Da suka isa, aka shiga da masu gasar zaure, iyaye suka zauna a baranda kan kujerun roba. Ta taga yana hango fankar sama tana rangaji, ya san fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe, kuma daidai ƙarƙashinta yarinyar take zaune. Ya miƙe, ya zauna. Wata dattijuwa da ta rako mijinta rukunin manya ta dube shi.

"Bawan Allah, haihuwa ake yi a ciki?"

Ya yi yaƙe.

Da aka karanta sakamako, ta zo ta biyu. Maki ɗaya ne tsakaninta da wanda zai tafi. Aka tafa mata, ta karɓi lambar yabonta, ba ta dubi kowa ba, ta wuce wajen babur ta tsaya.

Malamin lissafinta ya ja shi gefe, ransa a ɓace.

"Tambayar ƙarshe ce ta kayar da ita, kuma wallahi ta warware ta. Labarin wani gida ne, yara huɗu a teburin cin abinci. An ba da alamu: wane yana hannun daman wance, wance ta girmi wane, wane ba ya zama kusa da mahaifinsa. In ka bi su a hankali za ka gano ɗaya daga cikin yaran ɗan ƙanin mai gidan ne. Sai aka ce, 'ya'yan mai gidan nawa?"

Mai gyaran fanka ya waiga wajen babur, inda take tsaye.

"Alƙalan sun nuna mini aikinta," in ji malamin. "Ta gano yaron, har ta zagaye shi da fensir. Uku ke nan, ko makaho ya gani. Ta zo gurbin amsa ta rubuta huɗu. Na roƙe su, sun ce amsa suke dubawa. Santsin hannu ne kawai, gaggawa."

"Haka ne, malam," ya ce. "Gaggawa."

Ba su wuce gida ba, shago ya nufa da ita. Ya buɗe ƙofa, ya zauna kan benci, ya ɗauki sukudireba ya ajiye. Ita ta tsuguna tana tattara kwalayenta, tana jera su fuskar rubutu a ƙasa.

"Sarkin Lissafi."

"Na'am, Baba."

"A takarda ai ba laifi ba ne. Mutanen nan ba su san mu ba. Yaron ma babu shi, ƙirƙirarsa aka yi."

"Na sani."

"To me ya sa?"

Ta daɗe tana goge ƙura daga kwali da tafin hannu.

"Lokaci ne ya ƙure," ta ce. "Kada ka gaya wa su Yaya tambayar. Ka ce dai na faɗi."

Ya so ya ce mata dokar nan don mutanen waje ya yi ta, don kada wani ya sa ta ji ita daban ce. Ya buɗe baki, ya ga in ya faɗa, shi ne zai zama na farko da ya ware ta a gidan. Ya fasa. Ta ɗauki kwalayen ta kai bayan shago inda ake tara na zubarwa.

Da shekara ta zagayo, shekarunta sun wuce rukunin ɗalibai. Ba ta ce za ta shiga na manya ba, shi ma bai tambaya ba. Har yau bai sani ba ko hannunta ne ya kuskure, ko tana sane ta rubuta.