Sitiyari Mai Gardama

Shekara ashirin da shida Baba Direba ya yi yana tuƙa shugabannin wani kamfanin fenti. Manaja huɗu suka zo suka wuce a hannunsa, ta biyar ce ta tarar da shi da furfura. Bai taɓa goga mota ba, balle ya buga. Duk wanda ya zo neman aikin tuƙi a kamfanin, shi ake haɗa shi da shi su zagaya gari. In suka dawo Baba ya girgiza kai, magana ta ƙare.

Ranar da aka kawo wa Manaja sabuwar mota, wanda ya kawo ta ya kusa awa guda yana bayani a farfajiyar ofis. Ba a murɗa makulli, yana cikin aljihu ake danna maɓalli. Fitila ita ke kunna kanta. Kujera tana tuna zaman mutum. Baba Direba ya saurara, hannuwansa goye a baya. Da aka gama ya ce, "To, ni kuma mene ne aikina?"

Aka yi dariya. Manaja ta ce, "Kai ne mai gaya mata inda za ta, Baba."

Satin farko bai ji da daɗi ba. Ya tsaya a danja, injin ya mutu. Ya kai hannu zai buɗe ƙofa ya leƙa bonet, ƙafarsa na barin birki sai motar ta tashi kamar ba ita ba. Washegari yana wanke gilashin gaba, waifa ta ji ruwa ta make masa hannu. Ya zagaya baya yana goge bamba, but ya ɗaga da kansa ya kusa cire masa hula. Sauran direbobi suka samu abin tsokana. Da ya shigo sai su ce, "Baba, yau wa ya tuƙa wani?"

A hankali ya saba da waɗannan. Har ma ya soma yabon kujerar, don bayansa ya daina ciwo in sun yi doguwar tafiya. Abu ɗaya ne ya kasa haƙuri da shi. In sun hau babban titin da ke zuwa ma'ajiyar kaya, yana cikin tafiyarsa sai sitiyarin ya yi rawa a hannunsa, ya ɗan ja hagu, wani abu ya yi ƙara sau uku. A tafiya ɗaya sai ta yi haka sau biyar ko shida.

Manaja tana baya da kwamfutarta a cinya. Ba tare da ta ɗago ba take cewa, "Me take faɗa kuma?"

"Surutu ne kawai, ranki ya daɗe."

Da abin ya ishe shi ya kai motar garejin da kamfanin ke kai gyara, wurin wani bakanike da ake ce wa Dogo. Ya ce a duba saitin tayoyi, motar tana karkata hagu. Dogo ya duba, ya jona mata na'ura, sannan ya karɓi tuƙin suka hau titin tare. Suka je suka dawo, sitiyari ko motsi bai yi ba.

"Baba, motar nan lafiyarta ƙalau," in ji Dogo. Ya nuna bayan madubin tsakiya. "Akwai kyamara a nan, farin layin titi take kallo. In ka hau layi ba ka sa sigina ba, shi ne take maido ka."

"Wato ni ne nake hawa layi?"

"Ni ban ce ba. Ita ta ce."

"Tun ba a haife ka ba nake bin titin nan."

Dogo bai ja ba. Ya nuna masa inda ake kashe abin, ya kuma gaya masa duk sanda aka sake tayar da mota zai dawo. Daga ranar Baba Direba ya ƙara wa kansa aiki: ya danna maɓalli, ya ɗaura bel, ya kashe mai gardama, sannan ya ja. Sitiyari ya yi shiru. Sau biyu dai ya ji tayar dama tana cin tsakuwar gefen titi, ya ce kwalta ce ta zaizaye.

Wata Talata da hantsi suna kan hanyar banki, a wani titi mai shaguna hagu da dama. Ba gudu yake yi ba. Kwatsam motar ta yi wata irin ƙara ta ƙame wuri guda. Bel ya shaƙe masa ƙirji, kwamfutar Manaja ta faɗa ƙasan kujera. Sai a lokacin ya ga mutum a gaban bonet, kan keke, ya ɗauro kwalaye sun fi tsayin kansa. Daga wani lungu na dama ya fito. Tsakaninsa da motar bai kai taku ɗaya ba. Mai keken ya waiwayo, ya ɗaga hannu, ya ci gaba da tafiyarsa.

"Inna lillahi," in ji Manaja, tana lalubar kwamfutar. "Sannu, Baba. Allah ya sa ka gan shi da wuri."

Baba Direba ya dubi ƙasa. Ƙafarsa tana kan totur.

"Allah ya kiyaye," ya ce, ya ja mota.

Ya kai ta banki, ya maido ta ofis, ya goge motar kamar kullum. Da yamma ya koma gida ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Matarsa ta shigo da ruwa, ta zagaya ta hagunsa ta miƙa masa. Ya sha, sannan ya ba ta labarin tun daga garejin Dogo har zuwa mai keke.

Ta ce, "Malam, ka lura ta ina na miƙo maka kofin nan?"

Ya dubi kofin.

"Wata uku ke nan ta hagu nake ba ka komai. In na tsaya ta dama sai hannuna ya gaji ba ka karɓa ba. Kafaɗarka kuma sau nawa tana bugun ƙofar ɗakin nan?"

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa. Ka ce ƙofar ce kafinta ya matse."

Ranar Alhamis ya nemi izini ya tafi asibitin ido, matarsa ta raka shi. Aka sa ya ɗora haɓa a bakin wata na'ura mai kama da kwano, aka ba shi maɓalli, aka ce duk sanda ya ga ɗigon haske ya danna. Da idon hagu ya yi ta dannawa. Da na dama ya daɗe yana jira tsakanin wannan haske da wancan, har ya tambaya ko na'urar ta tsaya. Aka ce tana aiki.

Likitar ta juyo masa da takarda mai da'ira biyu. Ɗaya fara ce da ɗan duhu a baki. Ɗayar fiye da rabinta baƙi ne. Ta ce hawan jinin ido ne, ba ya ciwo, daga gefe yake ci, shi ya sa mutum ba ya farga. Akwai maganin ɗigawa safe da yamma, zai tsayar da shi inda yake. Abin da ya tafi kuwa ya tafi.

"Tuƙi fa?" ya ce.

"Wane irin tuƙi?"

"Shi ne sana'ata."

Ta ajiye biro. "Baba, in ni ce, ba zan ƙara ba."

Da safe ya shiga ofishin Manaja tun kafin a kawo mata takardun ranar. Ya ajiye makullin a kan tebur, ya ajiye takardar asibiti kusa da shi, ya koma ya tsaya. Ta karanta har ƙasa, ta sake komawa sama.

"Ranar mai keken nan fa?"

"Motar ce ta taka birki, ranki ya daɗe. Ni ban gan shi ba."

Ta ajiye takardar. Sannan ta tambaye shi ko wani ya sani ban da iyalinsa. Ya ce babu. Ta ce da bai faɗa ba, ita dai ba za ta taɓa ganewa ba. Ya ce ya sani.

Ba a sallame shi ba. Mai kula da motocin kamfanin yana dab da ritaya, aka ba Baba Direba teburinsa a wani ɗan ɗaki kusa da get, da allo mai ƙusoshi inda ake rataye makullai. Shi ke cewa wace mota za ta fita, wa zai ja ta, wacce ta isa juyen baƙin mai. Sabuwar motar aka ba wani direba da shi Baban ya gwada shekara tara da suka wuce. Ya zauna da shi a ciki ya nuna masa komai, har da maɓallin da Dogo ya koya masa, ya ce kada ya kuskura ya taɓa shi.

Da aka tashi aiki ya fita bakin titi ya tari bas. Kujerar gaba ya samu, kusa da direba. Mutumin yana da gaggawa, yana manne wa motar gabansa, sai ya zo dab yake tsayawa. A shataletale na biyu ya dubi ƙafar fasinjan nasa, wadda ke ta danna ƙasan mota tun da suka taso.

"Baba, birkin yana wajena fa."

"To ka riƙa taka shi da wuri," in ji Baba Direba. "A gaban kantin magani zan sauka."