Layukan da Hikima Ta Goge

Hikima ta jira har matar da ke sayen sardin ta fita daga butik ɗin, sannan ta zaro takardar daga cikin kwali ta ɗora a kan kantar shagon, tsakanin ma'auni da kwalbar alewa.

Babanta, Malam Mahamman, ya goge tabarau da bakin rigarsa ya sunkuya. Zanen fensir ne na wata mace mai ɗaurin ɗankwali ta baya, da manyan idanu, baki a rufe kamar wadda aka ce kada ta motsa. Sati uku Hikima ta yi a kansa. Ya duba, ya sake dubawa, ya yaba yadda ta fito da lanƙwasar ɗankwalin, ya ce kai ka ce za ka iya taɓa atamfar. Sai ya ɗago.

"Hannunki ya faɗa, Uwata. Wace ce?"

Uwata yake kiranta tun tana jaririya, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mata, kuma bakinsa ba ya furta wannan suna. Mahaifiyar tasa ce a kan takardar.

Hikima ta ce wata mata ce kawai, aikin ƙungiyarsu ta masu zane ne. Ta mayar da zanen cikin kwali, ta ce za ta makara, ta fita kafin ya ga idonta.

A cikin taksi, an matse ta tsakanin wata mai kwandon ayaba da ƙofa, ta rungume kwalin a ƙirji. Inna, kakar tata, ta rasu a Garwa Hikima tana da shekara biyu, ba su taɓa ganin juna ba. Abin da ya rage nata a Libreville hoto ne guda, na katin shaida, bai wuce kwalin ashana girma ba, a cikin akwatin takardun Baba. Damshin garin nan kuwa ba ya barin takarda. Fumfuna ta kama shi ta kusurwa, ta cinye kafaɗa, a daminar bana ta hau kuncin hagu. Mama ta gaya mata Baba ya taɓa kai shi sutudiyo a ƙara masa girma, ya fito kamar hayaƙi, ya mayar da shi akwati bai sake maganarsa ba. Shi ya sa Hikima ta ɗauko shi a ɓoye. So take ta kwashe fuskar ta mayar kan takarda mai kyau kafin fumfuna ta gama da ita. Ga shi ta gama, kuma mutum ɗaya da ya san fuskar a duk ƙasar nan ya dube ta ya ce wace ce.

Ta sauka a Okala ta hau kalando, taksin kabu-kabu, zuwa Angondjé, ana yayyafi.

Su tara ne a ƙungiyar, ba wanda zane ne sana'arsa. Duk Asabar suke haɗuwa a barandar Misye Moussavou, tsohon mai awon filaye da ya yi ritaya ya koma fenti. Kowa ya zaɓi hoto ya zana, tsakiyar mako ya tura inda ya kai a wazaf, ranar Asabar kuma a ajiye hoton da zanen gefe da gefe a kan dogon tebur. Doka ɗaya ce: mai zanen ba ya magana sai kowa ya faɗi nasa. Wannan doka ce ta riƙe Hikima a wurin shekara guda, tun da ta gama lisansi a jami'a ta zauna jiran aiki. Wuri ne da shirunta ba ya ba kowa mamaki.

A sati na biyu ta tura musu zanen, ta kwafi duk abin da idonta ya gani, har da wasu siraran layuka a kunci. Misye Moussavou ya rubuta mata cewa tsohon hoto ne, takardar ta tsattsage, kuma kuskuren sabon shiga ke nan, ya kwafi mutum har da lalacewar takarda. Ta zana matar, in ji shi, ba tsufan hoton ba. Mutum biyar suka ɗaga masa babban yatsa. Hikima ta yi yamma guda tana goge layukan da gom, robar goge fensir, ta bi wurin da auduga har kuncin ya yi sumul.

Yau da layi ya zo kanta, ta ajiye zanen, ta zaro ɗan hoton daga ambulan ta jera su. Prisca, mai aikin banki da ba ta zana komai sai kyanwoyi, ta ce idanun nan sun bi ta har ta canza kujera. Wani ya ce inuwar wuya ta yi nauyi kaɗan. Misye Moussavou ya ce wannan shi ne mafi kyawun abin da ta taɓa kawowa, fatar ta yi laushi kamar a taɓa.

Saura mutum biyar su yi magana, Hikima ta karya doka. Da Faransanci, kanta a ƙasa, ta ce, "Babana bai gane ta ba. Mahaifiyarsa ce."

Ba wanda ya tuna mata doka. Misye Moussavou ya shiga ɗaki ya fito da rula da kamfas da gilashin ƙara girma. Ya auna tsakanin idanu a hoto, ya auna a zane, ya yi lissafi a bayan ambulan. Ya auna hanci, ya auna haɓa. Komai daidai, ko milimita bai kauce ba. Prisca ta ce ƙila ya gane ne ya ɓoye, mazan zamanin da haka suke, nata uban ma ko a jana'iza sai ya ce hayaƙi ne ya shiga masa ido. Aka ɗan yi dariya. Hikima ta girgiza kai. Ta san muryar babanta in yana ɓoye abu, ba ita ta ji da safe ba.

A ƙarshen tebur Tanti Rakiatou na wanke burushi a gwangwanin madara. Ungozoma ce 'yar Maraɗi, shekara talatin a Libreville. Furanni take zanawa da tukwane da kwale-kwalen bakin teku. Ta ce ita ba ta zana mai rai, ba ta hana kowa, kuma in aka turo fuska a wazaf ba ta buɗewa. In layi ya zo kanta a irin wannan aiki, sai ta ce Allah ya ƙara basira, a wuce. Yau ta goge hannu a zani ta miƙo shi.

"Miƙo mini in gani, 'yata," ta ce da Hausa. Ba su taɓa yin Hausa a teburin nan ba.

Ba ta kalli zanen ba. Hoton ta ɗauka, ta kai shi bakin baranda wurin haske, ta ɗora gilashin a kai. Ta daɗe. Ta tambayi Hikima su 'yan ina ne, ta ce Garwa. Kafin Garwa fa? Hikima ta ce ba ta sani ba.

"Ai ga shi a rubuce a fuskarta, kin bi kin goge. Tsagarta ce, 'yar nan. Kin share wa baiwar Allah tsaga."

Ta juya ta yi wa sauran bayani da Faransanci. Ta nuna musu da ƙumbarta: tsagewar takarda ba ta san fuska ba, tana ratsa ɗankwali ta ratsa bango ta wuce. Waɗannan kuwa daga gefen baki suka tashi, suka tsaya kafin kunne, a jere. Aikin wanzami ne da aska, tun mutum yana jariri, don a san gidan da ya fito. Ta ce a garinsu ana sanin tsagar mace kafin a san sunanta, kuma yaron da ya buɗe ido a kan wannan kunci bai taɓa ganin uwarsa babu tsagar nan ba, ko sau ɗaya.

Kunya ta rufe Hikima. Tana ganin irin fuskokin nan a kasuwar Mont-Bouët, a wurin tsofaffin da ke zuwa gaishe da Baba ranar salla. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa daga irin wannan fuskar ta fito ba. Baba ba shi da tsaga, ita kuma a lekol, makarantar boko, ba a koya musu wannan ba.

Misye Moussavou ya karɓi gilashin ya duba da kansa. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce laifinsa ne, shekara arba'in yana karanta tsofaffin taswirori ya koya wa idonsa tsallake lanƙwasar takarda, ya roƙi Hikima gafara a gaban kowa. Tanti Rakiatou ta ce to dama, mai awon filaye ne ya sa aka tuge iyakar gonar mutane, Allah ya sa ba haka ya yi wa gwamnati aiki ba. Har shi ya yi dariya, yana dafe da kai.

Daga nan teburin ya koma nata ita kaɗai, sauran suka ture nasu zanen gefe. Misye Moussavou ya nuna mata a wata takarda cewa tabon da ya warke ba baƙin layi ba ne, 'yar inuwa ce siririya da ɗan haske a gefenta. Ya fere gom da reza har ya yi tsini, ya nuna mata yadda ake ɗauke hasken. Prisca ta ba ta fensirinta mai tauri ta ce ta riƙe. Tanti ta tsaya a kanta tana cewa ƙara lanƙwasawa, ba titi kike ja ba. Hikima ta ja layi huɗu a kuncin dama, a hankali, tana riƙe numfashi.

Kuncin hagu kuwa fumfuna ta cinye shi. Wani ya ce ta juya na dama kawai ta maimaita. Tanti ta ce a'a, ba a cinta a wannan. Gida gida ne, ƙara ɗaya ko rage ɗaya sai ka ba da mutum ga wasu dangi. Ta ce ta je ta tambayi babanta. Hikima ta ce ba ya maganar Inna.

"Kin taɓa tambayarsa?"

Hikima ba ta taɓa ba. Da za ta tafi ta so ta yi musu godiya yadda ya kamata, ta shirya kalmomin tun tana tattara fensira, amma abin da ya fito kawai shi ne mersi, sau biyu. Tanti ta gyara mata mayafi ta ce ta yi sauri kafin ruwa ya dawo.

Ta iso unguwarsu, Sotega, bayan la'asar. Mama ta karɓi butik, Baba yana tsakar gida a kujerarsa, rediyo a cinya. Hikima ta shimfiɗa tabarma a gabansa ta durƙusa. Ta fito da ɗan hoton tukuna, ta ajiye. Ya dube shi, ya dube ta, ya kashe rediyon. Sannan ta fito da zanen, ta rufe kuncin hagu da tafin hannunta.

Ta ji yadda numfashinsa ya canza.

"Baba, nan ne hoton ya lalace. Tsagar Inna nawa ce ta wannan ɓangaren?"

Ya sauko daga kujera ya zauna a tabarmar, yana dafa gwiwa. Ya ɗaga yatsa ya kai kuncinsa, ya ja daga gefen baki zuwa kunne, sau uku, idonsa a rufe. Ya ce uku ce. Ta tsakiya gajera ce, ba ta kai 'yan'uwanta ba, wai Inna ta fizge kai a hannun wanzami. Ita da kanta take ba da labarin, tana cewa tun tana kwana bakwai ba a juya ta. Mutanen Gobir ne, kakanta ne ya gangaro Garwa da fataucin jaki. Hikima ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ta ɗauki fensirin Prisca.

Ta ja na farko, ya ce ta sauko da shi kaɗan. Ta goge ta sake. Na biyu ya ce ya yi tsawo, ta rage. Ya matso har tabaransa na neman taɓa takardar, yana gyara mata kamar wanda ya shekara a barandar Misye Moussavou. Da ta gama na uku, ya koma kuncin dama ya ƙirga da ido.

"Wannan na ƙasan ba nata ba ne. Karyewar takarda ce, a aljihuna hoton ya lanƙwashe ranar da na taho daga Garwa. Goge shi."

Hikima ta ɗauki gom, murmushi na neman ƙwace mata. Ta ɗauke layin, ta hure garin, ta juya masa zanen sosai.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙa babban yatsansa ya shafa gajeriyar tsagar, a hankali, daga farko zuwa ƙarshe. Fensirin ya biyo yatsan, ya bar dusu-dusun baƙi a kan kuncin. Ya janye hannu da sauri, ya dubi yatsan.

"Na ɓata miki aiki, Uwata."

Gom ɗin yana hannunta, ferarre, mai tsini. Ta dubi wurin, ta mayar da shi cikin jaka.

"Haka za a bar shi, Baba," ta ce.